Maɓuɓɓugar Dutse a Ƙasar da Babu Dutse

Daga Gagamari zuwa Diffa, daga Diffa har Bosso, mutum zai yini yana tafiya bai yi tuntuɓe da dutse ba. Rairayi ne iya ganin ido, sai baƙar laka a gaɓar kogin Komadugu. Ko tsakuwar zuba kankare daga nesa manyan motoci ke kawo ta. To, mai gidan da ya ga hoton wani ƙaton dutse a wayarsa, ruwa na ɓulɓulowa daga kansa a tsakar gidan wani Bature, har ya ce shi ma sai an yi masa irinsa, ya ɗauko aiki tun daga tushe.

Ita sana'ar yin wannan maɓuɓɓuga ba ta da wani sirri. Ana samun dutse mai tauri da kyan siffa, a huda shi daga ƙasa zuwa sama da injin huda mai bakin lu'ulu'u, ana yi ana zuba ruwa kada bakin ya ƙone. A haƙa rami a binne kwatami, a shimfiɗa ragar ƙarfe a kansa, a ɗora dutsen, a rufe gefe da ƙananan duwatsu. Cikin kwatamin akwai ɗan famfo mai aiki da lantarki ko hasken rana, wanda ke tura ruwa ta tiyo ya fito ta saman dutsen, ya gangaro ya koma inda ya fito. Ruwa ɗaya ne ke ta kewayawa. Gwanin aikin ana gane shi wajen daidaita zaman dutsen: in ya karkace ko da faɗin yatsa ne, ruwan zai bi gefe ɗaya, ɗaya gefen ya bushe ƙayau.

Dutsen da ya dace yana can wajen tsaunukan Gure, kusan kilomita 300 yamma, ko cikin manyan duwatsun da suka kewaye Birnin Damagaram. Kuɗin mota kaɗai na iya fin kuɗin aikin. Amma dutse sau ɗaya ake sayensa. Rana ce ke karɓar haraji kullum. Ruwan saman da Diffa ke samu bai cika wuce milimita 300 a shekara ba, alhali abin da zafi da iska ke ɗauke wa buɗaɗɗen ruwa a yankin Tafkin Chadi ya haura mita 2. Ruwan da aka baza a jikin dutse mai zafi kuwa ya fi na tafki saurin tashi. Yana tashi ya bar gishirinsa a baya, kuma wannan yanki na Manga ƙasar kanwa ce, don haka ba a jimawa dutsen zai yi farin ɓawo. Ƙurar hunturu ta toshe famfo, gansakuka ta kama, in kuma aka kashe injin kwana biyu sauro ya samu gidan haya.

Waɗanda suka ƙware a wannan ado tun da can ba su dogara da inji ba, tudu suka dogara da shi. Zakuna 12 na farin dutse da ke tsartar da ruwa a fadar Alhambra ta Andalus tun ƙarni na 14, zamanin Sarki Muhammad na Biyar, daga kogin Darro aka jawo musu ruwa ta magudanar da ta faro can sama da fadar. Haka lambun Villa d'Este a Tivoli ta Italiya, na ƙarni na 16. Ruwan da ya gangaro daga sama shi ke da ƙarfin tashi sama. Kwarin Komadugu kuwa shimfiɗe yake kamar faifai.

Abin mamaki, duk da haka yankin yana da ruwa mai tsartuwa da kansa, sai dai tudunsa a ƙarƙashin ƙasa yake. Wajen mita 300 a ƙasa akwai rairayi mai ɗauke da ruwa, wanda laka mai kauri ta danne shekaru dubbai. Da aka fara huda wannan laka a ƙasar Borno cikin shekarun 1950, sai ruwa ya taso ta bututu ba famfo ba guga, da ɗumi-ɗuminsa, dare da rana. An yi irin waɗannan rijiyoyi a ɓangaren Nijar ma, makiyaya suka samu mashaya a dajin da da sai an sha wuya. Wanda ya tsaya kusa da irin wannan bututu zai ga tsatsa ta ci bakinsa, ƙasa ta jiƙe ta zama fadama, kofaton shanu ya dama ta, ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar fako. Da yawansu an bar su a buɗe suna kwarara ba marfi, ƙarfin ruwan ya yi ta raguwa, wasu suka daina tasowa sai da inji. Wannan ɓarna ce babba, domin tsohon ruwa ne da damina ɗaya ba ta mayar da shi.

A bakin kogi kuwa, hikimar ta tafi ne wajen ɗaga ruwa, ba wajen ƙawata shi ba. Komadugu baƙo ne mai zuwa da lokaci: daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake tasowa, ya iso Diffa da damina, ya cika maƙil wajen Nuwamba da Disamba, ya janye da bazara. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya masa hali, amma bai daina ambaliya ba, kamar yadda aka gani a 2019 da 2022. Kafin injin ban-ruwa ya yawaita, jigo ne ke aikin: gwafa biyu, doguwar sanda, curin laka a gindi, guga a kai, mutum na sunkuyawa yana miƙewa, ruwa na bin ƴar magudana zuwa fangali bayan fangali. Da wannan ruwa aka gina noman tattasai da ya yi wa Diffa suna har kasuwannin Najeriya, noman da ya sha matsi bayan kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairun 2015, lokacin da aka taƙaita man fetur da takin zamani. A garkar tattasai ana jin ƙarar ruwan gudu da sanyinsa, wato duk abin da mai maɓuɓɓugar ado ke biyan kuɗi don ya samu.

Wannan ba ya nufin mai gida a Diffa ya haƙura da jin ƙarar ruwa a tsakar gidansa. Kayan aikin ne ya kamata ya sauya. Yumɓu na nan a gaɓar kogi, masu ginin tukwane na nan. Randa gasasshiya da aka huda gindinta, aka ɗora kan kwatami rufaffe a inuwar darbejiya, tana yin aikin da dutsen Gure zai yi, kuma ƙaramin faifan sola ya ishi famfonta. Ruwan ya riƙa malalowa a hankali ta bakin randar maimakon feshi, don feshi iska ke kwashewa. In farin ɓawo ya yi yawa a kankare shi, ruwan da aka sauya a zuba wa gindin lemo ko zogale, in randar ta fashe a sayo wata ranar kasuwa.