Dandalin Sauraren Waƙa da Satar Fasaha: Tsokaci

Akwai masu ra'ayin cewa Spotify, wanda ya fara aiki a 2008, ya kashe satar waƙa irin wadda Napster ya yaɗa tun 1999. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin sauƙin samun halal yakan rage kwaɗayin sata. Amma hujjar ta rataya ne ga arahar intanet. A Kano, inda data ke da tsada ga talaka, masu tura waƙa cikin waya sun gaji masu kwafin kaset, mawaƙi kuwa bai ga ko anini ba. Ko inda dandalin ya kafu, ladan ƙaramin mawaƙi bai taka kara ya karya ba. Ashe raguwar sata daban, samun haƙƙin mai fasaha daban.