Masallacin Dandaji da Aikin Kankare

Manomin Funtuwa ko Malumfashi, in Allah ya ba shi sa'ar auduga ko masara, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ya rushe ɗakin ƙasa, ya ta da na bulo, ya rufa kwano. Ba a ga laifinsa ba, gama yaɓe kowace shekara da wuya, azara kuma ta yi tsada. Amma da bazara ta kama, sai maigida ya ɗauki tabarma ya koma gindin darbejiya, ya bar wa zafi ɗakin.

A Dandaji, wani garin Hausawa cikin jihar Tawa ta Nijar, an gwada wata dabara. Mata biyu masu tsara gini, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, suka tsara sabon masallacin Juma'a, aka gama shi a 2018. Ba su ƙi kankare ba, ba su kuwa sakar masa linzami ba. Ƙashin gini kaɗai suka ba shi, watau ginshiƙai da bakuna, aikin da azara ke yi a da. Bango da tulluwa da tubalin jar ƙasa aka yi su, wanda aka matse da inji, ba a gasa ba. Tsohon masallacin kuwa, aikin Alhaji Falke Barmu maginin Yama, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Gwanintar tana ga rufi. Azara gajera ce, shi ya sa magabata, har Babban Gwani da ya gina masallacin Zariya, suke ɗaura ta gaɓa-gaɓa kafin baka ya haɗu. Kankare mai rodi ya ɗauke wannan wahala, ba ya tsoron gara, ƙasa kuma ta tsare sanyi. Lalle wannan rabon aiki ya dace.

Amma fa akwai abin cewa. Bakan kankare cikin katako ake zuba shi, kowane ya fito kamar ɗan'uwansa, sai ka ce hatimi aka buga. Alamar hannun magini da ke sa ido ya daɗe a tsohon ginin ta ragu. Sa'an nan Dandaji ƙasar ƙarancin ruwa ce. Daminar Funtuwa ta fi ƙarfi nesa, wanda zai kwaikwayi ginin a can sai ya ɗaga tushe da dutse, ya tsawaita indararo, ya kuma zuba ɗan siminti cikin ƙasar kafin a matse.