Insha'i da Harafin "Sai": Amsa ga Mai Cewa a Sauke wa Yara Nauyi

A wani zama da malaman Hausa suka yi a wata makarantar sakandare da ke kudancin kogin Kaduna, inda aka taru domin duba takardun jarrabawar gwaji ta 'yan ajin ƙarshe, wani abokin aiki wanda nake ganin girmansa, kuma ba na shakkar kyakkyawar niyyarsa, ya ɗaga wata takarda sama ya ce a ganinsa lokaci ya yi da za a sauke wa yara nauyin rubutun insha'i, a bar su da tambayoyin nan na zaɓen ɗaya daga cikin huɗu, tun da yake, in ji shi, yaran Kakuri da Makera da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha Hausar kasuwa suke ji, kuma galibin abin da suke rubutawa hadda ce da suka kwaso daga littattafan tambayoyin baya. Ban ba shi amsa a wurin ba, saboda majalisi ne na aiki, ga takardu jibge a gabanmu. Amma maganar ta kwana mini a rai, kuma tun da ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, na ga ya wajaba in amsa ta a rubuce.

Rabin da'awarsa gaskiya ne, ban musa ba. Duk wanda ya taɓa duba takardun WAEC ko NECO ya san insha'in nan da ke farawa da godiya mai tsawo, ya jera karin magana uku ko huɗu waɗanda ba su haɗa dangi da batun ba, ya ƙare da fatan Allah ya sa mu dace, alhali ba a faɗi kome a tsakani ba. Sai dai wannan illa ce ta yadda muke koyarwa. Mun mai da insha'i gabatarwa da gundari da kammalawa, mun rarraba shi zuwa na labari da na siffantawa da na bayani da na muhawara da wasiƙa, yaro ya haddace sunayen, muka ɗauka mun gama. Masu ƙirga karin magana kuwa, waɗanda ke ƙara maki gwargwadon yawansa, ba ni da abin ce musu illa cewa gishiri ba ya zama tuwo.

Kalmar ita kanta ta isa ta tunatar da mu asalin abin. Insha'i a Larabce ƙago abu ne daga farko, kuma da wannan suna aka san ofishin marubutan wasiƙun sarakuna a Masar, wanda Alƙalƙashandi ya tattara ƙa'idojinsa cikin Subhul A'asha a 1412. A ƙasarmu ma alƙalami ya daɗe yana wannan aiki: wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Alkanemi na Barno, waɗanda Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri, munazara ce tsantsa, hujja na bin hujja, kowa yana kawo maganar abokin jayayyarsa kafin ya warware ta. Da boko ya zo, Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sa'an nan a Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta, kuma a shafukanta ne zuben Hausa ya koyi yin bayani da muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Wannan shi ne gadon da ake cewa a musanya shi da zagaye harafi da fensir.

To, bari in zo kan abin da na fi so in tsaya a kansa, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan zuben Hausa, kuma shi ne abin da tambayar zaɓe ba za ta taɓa iya aunawa ba, wato yadda marubuci ke ɗaure farkon jimla ya riƙe mai karatu, har ya kwance ta da harafin "sai". Wanda ya yi karatun nahawu a zaure ya san malamai sun bambanta haruffan haɗi uku: wawun yana haɗawa kawai ba tare da tartibi ba, fa'un yana nuna abu ya biyo bayan abu nan take, summa kuwa tana nuna tartibi tare da jinkiri. Hausa tana da kwatankwacinsu, "kuma" da "sai" da "sa'an nan", kuma ɗalibin da ya san inda kowanne ke zama ya riga ya yi nisa a tafiya.

Ga misali daga aji. Na taɓa ba 'yan aji uku na babbar sakandare batun ranar da kogin Kaduna ya cika. Mafi yawansu suka rubuta abu irin wannan: "Na tashi da safe. Na je gada. Na ga ruwa ya yi yawa. Mutane sun taru. Na ji tsoro. Na koma gida." Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a ciki, kuma mai duba ƙa'idojin rubutu ba zai sami inda zai sa jan biro ba, amma jimlolin nan shida kamar tubala ne da aka jera ba laka a tsakaninsu, kana iya sauya musu wuri ba abin da zai ragu. Wata yarinya kuwa, wadda mahaifinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ta rubuta: "Da na iso bakin gada na tarar motoci sun tsaya, mutane sun yi cirko-cirko suna leƙen ruwa, ni kuwa ko karyawa ban yi ba, sai wata tsohuwa ta dafa kafaɗata ta nuna mini inda gonar masarar ɗanta take jiya."

A dubi abin da ta yi. Kalmar "da" ta farko alkawari ce: ta sanar da mai karatu cewa wani abu na tafe, kuma daga nan ya zama mai bin marubuciya bashi, ba zai ajiye takardar ba sai an biya shi. Duk abin da ta zuba a tsakani, motocin da mutanen da yunwarta, tana tara su ne a lokacin da kunne ke jira, shi ya sa suke shiga da nauyi. "Ni kuwa" ta juyo da idon mai karatu daga taron jama'a zuwa ga mutum guda, aikin da ƙananan kalmomin nan, kuwa da dai da fa da kam da ma, suke yi wa Hausa, wanda wasu harsuna sai da ɗaga murya suke yinsa. Sa'an nan "sai" ta faɗo, bashi ya biyu, kuma abin da ya biyo ta shi ne zuciyar labarin. Ba ta ce ta ji tsoro ba, ba ta ce abin tausayi ne ba. Ta ajiye kalmar "jiya" a ƙarshe, inda murya ke sauka, ta bar ta ta yi aikin. Wannan shi ne abin da malaman balaga ke kira taƙdimi da ta'ahiri, gabatar da abin da ya cancanci gaba da jinkirta abin da ya cancanci baya, kuma yarinyar nan ba ta taɓa jin sunansa ba.

Akwai kuma wani sirri a cikin harafin da ya kamata kowane ɗan babban aji ya riƙe, domin "sai" tana sauya ma'ana gwargwadon lamirin da ya bi ta. Idan aka ce "sai suka zo", labari ne ke tafiya, abu ya auku bayan abu. Idan aka ce "sai sun zo", an shiga sharaɗi, ma'ana ba abin da za a yi kafin zuwansu. Idan kuwa aka ce "sai su zo", to, ko dai izini ake bayarwa, ko ana bayyana abin da aka saba. A littafin aji muna kiran na farko shuɗaɗɗen lokaci na biyu, na biyun kuma shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, yara su haddace su amsa a jarrabawa daidai, amma ba ka sanin ko yaro ya mallaki bambancin sai ka ga ya riƙe "suka" da "aka" tun daga farkon labari har ƙarshensa bai zame ba. Haka abin yake a insha'in muhawara, inda "ko da yake" ke ɗaure jimla "amma" ta kwance ta, kuma a tsakaninsu ne ɗalibi ke koyon adalcin kawo hujjar wanda ya saɓa masa kafin tasa.

Saura maganar Hausar kasuwa, kuma a nan ne na fi rabuwa da abokin aikina. Gaskiya ne kudancin kogi matattara ce. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu masaƙu suka biyo, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya zo a 1975, mutane suka kwararo daga ƙasar Bajju da Atyap da Ham, daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da ta Tibi, suka tarar da Gbagyi masu ƙasa, Hausa ce ta haɗa su a bakin injin da kasuwa da coci da masallaci. Gaskiya ne kuma yaro da yawa a nan yana cewa "ya zo" alhali mace yake nufi. Amma wannan gyaran mako biyu ne. Abin da ba a iya koyarwa cikin mako biyu shi ne kunnen da ke auna kalma kafin ya ajiye ta, kuma na lura yaron da ya tashi da harshe biyu ko uku sau da yawa ya fi ɗan gado wannan kunne, domin shi bai ɗauki kome a bagas ba. Kada mu manta John Tafida, mutumin Wusasa, yana cikin waɗanda suka aza harsashin ƙagaggen labarin Hausa da Jiki Magayi, kuma tun 1932 ake karanta Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, har kakannin yaran nan da yawa a cikinsa suka fara jin doguwar jimla.

Ba mu kaɗai muke da irin wannan hali ba. A Singafo, inda harshen Tamil yake ɗaya daga cikin harsunan hukuma huɗu ko da yake masu shi 'yan tsiraru ne, ɗaliban sakandare masu ƙwazo suna ɗaukarsa a mataki na sama, suna rubuta insha'i da shi, alhali Tamil ɗin littafi ya yi nisa ƙwarai da na baki, nisan da ya fi wanda ke tsakanin Hausar kasuwar Kakuri da ta Magana Jari Ce. Ba su ɗauki wannan tazara hujjar dainawa ba.

Ni abin da nake yi, kuma nake roƙon abokin aikina ya gwada ko na zango ɗaya ne, shi ne kada a sa wa insha'i maki sai mai shi ya miƙe ya karanta shi a gaban aji da murya. Inda numfashinsa ya yanke, nan waƙafi ya ɓace; inda 'yan aji suka fara motsi, nan jimlar ta saki hannunsu. Ranar da yarinyar nan ta karanta nata, da ta kai kan tsohuwar ta ɗan dakata, wani yaro daga bayan aji, ɗan Unguwar Romi, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, don Allah ta maimaita daga wurin gada."