Zaure a Idon Doka: Sharhi a kan Ƙudurin Wa'azi na Kaduna da Darasinsa ga Ƙasar Yauri

A shekarar 2016 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta miƙa wa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ƙudurin tsara wa'azi, wanda ya sabunta dokar mulkin soja ta 1984. Akasarin muhawarar da ta biyo baya ta tsaya a kan lasisin masu wa'azi. Sai dai akwai sashen da bai samu nazarin da ya kamace shi ba, wato wanda ya lissafa wuraren da aka yarda a saurari wa'azin da aka naɗa: cikin gida, da zaure, da masallaci, da coci. A kansa wannan sharhi zai tsaya.

Abin yabo ne da ƙudurin ya ambaci zaure da sunansa, domin zaure shi ne makarantar farko a ƙasar Hausa. A nan ake biya Ahalari da Ishmawi da Risala, a nan ake wazifa da walimar sauka. Asalin wannan kuwa tabbatacce ne a Sunna: a gidan Arƙam ɗan Abil Arƙam Manzon Allah (SAW) ya riƙa tara Musulmin farko a Makka, kuma ya yi salla a gidan Itbanu ɗan Malik domin ya riƙi wurin abin sallarsa.

Rauninsa shi ne sharaɗin da ya gindaya, cewa wa'azin ya kasance na wanda hukuma ta tantance. Da wannan sharaɗi doka ta tsallake dokin ƙofa ta shiga cikin gida, alhali sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gida, na 38 ya kare 'yancin addini, na 40 ya kare taro. A watan Yunin 2019 Babbar Kotun Jihar ta yanke cewa tilasta lasisin ya saɓa wa Tsarin Mulki.

Adalci ne a faɗi hujjar hukuma. Rikicin Maitatsine na Disambar 1980 ya tsiro ne daga gida a 'Yan Awaki cikin Kano, wanda ya yi ta faɗaɗa har ya gagari maƙwabta. Kuma sashe na 45 ya halatta taƙaita 'yanci saboda zaman lafiya da haƙƙin wasu. Saboda haka tambayar ita ce: da wane ma'auni za a taƙaita?

Malikiyya sun daɗe da amsawa: ma'aunin shi ne cuta. Ibnur Rami, maginin Tunis na ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen hayaƙi da ƙara da leƙen gidan maƙwabci da toshe hanya a littafinsa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. Abin da ake kawarwa a can shi ne cutar da ta tabbata, mai gida kuma ya ci gaba da tasarrufi a milkinsa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tun 2003 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa tsara birane hurumin jihohi ne, don haka Jihar Kebbi ce za ta fayyace lokacin da karatun zaure a Yelwa, ko Ngaski, ko Shanga ya zama sauya amfanin gini mai buƙatar izini. Mutanen bakin tafkin Kainji, waɗanda aka sauya wa matsuguni da aka kammala madatsar ruwa a 1968, sun san nauyin taswirar da aka zana daga nesa.

Abin da ya dace shi ne doka ta auna ƙarar lasifika, da lokacin dare, da tare hanya, bisa koken maƙwabci tabbatacce, ba tare da duba ɗariƙa ko ƙungiyar masu taron ba. Malamai kuma su riga hukuma kiyaye haƙƙin maƙwabtaka, domin wanda ya hana maƙwabcinsa barci da sunan wa'azi shi ya buɗe wa doka ƙofar zaure. Allah ne mafi sani.