Jinjina ga masu gyaran sauti na Yelwa

Waƙar da ke cikin memori lambobi ne zalla, sifili da ɗaya. Sai wani ɗan mitsitsin guntu a allon rediyo ya mayar da su wutar da ke girgiza sifika kafin kunne ya ji komai. Kamfanonin Sin da ke ƙera rediyoyi masu arha sukan yi rowar kayan da ke kewaye da wannan guntu, shi ya sa ganga ke fita kamar ana bugun gwangwani.

Nan ne aikin masu gyaran rediyo na Yelwa yake. Ka tsaya a rumfar ɗayansu ka gani: ya narkar da dalma, ya cire ƙaramar kafasita, ya dasa babba wadda ya ɓalle daga mataccen talabijin. Gurnanin da gurɓatacciyar wuta ke sawa sai ya ɗauke ɗif. In mai kaya ya ce kiɗan bai yi nauyi ba, a kifa sifikar a bakin tulu, a liƙe gefen. Wallahi na ji tulun da ya kunyata akwatin kanti.

Madatsar Kainji na ba da lantarki tun 1968, amma masunci a tsakiyar ruwa da batir da farantin sola yake saurare, kuma masu gyaran ne ke daidaita masa. Ranar bikin Rigata ma lasifikar bakin kogi sai ta bi ta hannun irinsu.

Don Allah, in sun faɗi kuɗin aiki, a rage ciniki.