Tatsar Tarihi Daga Bakin Ganau

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsoho don ya ba shi labarin wani babban abu da ya faru a kan idonsa ya san yadda hirar take farawa. Tsohon zai gyara zama, ya gyara murya, ya kawo maka labarin da kowa ya sani: shekara kaza aka yi, wane ne ke mulki, an sha wuya amma Allah ya kawo sauƙi. Ka yi godiya ka tashi kana ganin ka samu, alhali abin da ka tafi da shi bai wuce wanda rediyo ta sha faɗa ba. Hausawa sun raba ganau da jiyau, sai dai shi kansa ganau yakan fara maka da abin da ya jiyo, domin shi ya fi sauƙin faɗa, kuma ba ya fama masa ciwo. Abin da idonsa ya gani yana can ƙasan zuciya, ciro shi kuwa sana'a ce mai zaman kanta. A ganina, a zamanin nan babu wanda ya kai Svetlana Alexievich iya ta.

An haife ta a 1948 a Yukren, ta tashi a karkarar Belarus, inda iyayenta suke koyarwa a makaranta. Yaƙin duniya na biyu ya cinye kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na wannan ƙasa, saboda haka ƙauyen da ta buɗe ido a cikinsa kusan na mata ne zalla. Da yamma sukan zauna a bakin gidajensu suna hirar waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ita kuwa tana gefe ta kasa kunne. Da ta girma ta shiga aikin jarida, sai ta ci karo da aikin wani marubucin ƙasarsu, Ales Adamovich, wanda shi da abokan aikinsa biyu suka bi ƙauyukan da sojojin Jamus suka ƙone, suna ɗaukar muryar waɗanda suka tsira. Daga nan ta gane hanyarta.

Littafinta na farko da aka buga a kan mata ne. Kimanin mata miliyan ɗaya suka yi aikin soja a rundunar Tarayyar Sobiyet tsakanin 1941 da 1945: masu jinya, matuƙa jirgin sama, direbobin tankar yaƙi, gwanayen harbi daga maɓoya. Bayan yaƙi aka rubuta tarihi da bakin janar-janar, su kuma suka koma gida suka yi shiru shekara arba'in. Ta ɗauki rikodarta ta bi su gari gari, ɗaruruwansu.

A nan gwanintar take, kuma kusan dukkanta haƙuri ce. Ba ta shiga gida da jerin tambayoyi a takarda. Takan wuni a gidan mace guda, su sha shayi, su duba hotunan jikoki, su yi hirar girki da sabuwar riga da gyaran gashi. Mai gaggawa zai ce ɓata lokaci ne. Ita kuwa ta san cewa matar da ke gabanta tana ɗauke da labari biyu, wanda ta saba bayarwa a taron tunawa da nasara, da wanda ba ta taɓa gaya wa ko 'yarta ba. Na farkon dole ya fito ya ƙare tukuna, ba a katse shi, ba a nuna an gaji da shi. Sai can wajen la'asar, murya ta canza, matar ta daina cewa "rundunarmu" ta koma cewa "ni". Daga wannan gaɓa ne ake fara aiki.

Ta kuma lura da cewa wanda ke cikin ɗaki yana canza labari. In miji yana zaune, matar takan koma maganar taswira da sunayen kwamandoji. Akwai gidan da mijin ya kwana yana bitar littafin tarihin yaƙi da matarsa kafin baƙuwa ta iso, don kada ta kawo abin da yake ganin shirmen mata ne. Wannan "shirmen" kuwa shi ne abin da Svetlana ta zo nema. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas da aka datse wa dogon gashinta ranar da ta shiga soja, ta yi kuka. Takalman maza da aka raba musu, manya ƙwarai da ƙafarsu, suna ja suna tuntuɓe. Kamfan maza da suka shekara huɗu suna sawa, har wata ta fi jin tsoron a tsinci gawarta cikinsa da tsoron mutuwar kanta. Irin wannan ba ya cikin kundin kowace ma'aikata, kuma ba wanda zai iya ƙirƙiro shi yana zaune a ofis. Ɗan ƙaramin abu da jiki ya riƙe ya fi kwanan wata gaskiya a bakin tsoho, domin kwanan wata yakan rikice, amma zafin takalmin da ya goge dunduniya ba ya rikicewa.

Littafin, wanda sunansa ke nufin yaƙi ba shi da fuskar mace, ya yi shekara biyu a hannun masu tace littattafai kafin ya fito a 1985. Da ya fito aka sayar da fiye da kwafi miliyan biyu.

Rabin sana'ar na biyu yana farawa ne bayan an kashe rikoda. Hirar wuni guda takan cika shafuka da yawa, abin da zai shiga littafi wataƙila shafi ɗaya ne, wani lokaci rabin shafi. Daga ɗaruruwan mutanen da take ji don littafi guda, kaɗan ne muryarsu ke bayyana. Sannan ta jera su yadda wata murya za ta amsa wa wata, ko ta musanta ta: wanda ya yi harbi kusa da wanda aka harba, mai kewar tsohuwar gwamnatin Sobiyet kusa da wanda ta ɗaure. Ba ta shiga tsakani ta yanke hukunci. Mai karatu ne ke zama alƙali, kuma shaidu da yawa da ba su san juna ba in suka haɗu a kan abu ɗaya, ya fi ƙarfin rantsuwar mutum guda. Mu da muka tashi muna jin malamai suna bin sarƙar masu ruwaya, wane ya ji daga wane, ba baƙin wannan tunani ba ne.

Dubi yadda ta buɗe littafinta na 1997 a kan Carnobil, tashar nukiliyar da ta fashe ranar 26 ga Afrilu, 1986. Ta fara da Lyudmila Ignatenko, matar wani ɗan kwana-kwana mai suna Vasily, ɗaya daga cikin waɗanda aka fara kira su kashe wutar a daren. An kai shi asibiti a Mosko, matar ta bi shi, ta ɓoye wa likitoci cewa tana da ciki don kada a hana ta shiga. Mako biyu tana gefensa tana gyara masa shimfiɗa, fatarsa na saɓulewa. Da ya rasu aka sa masa kayan sarki, amma aka binne shi ba takalmi, domin ƙafafun sun kumbura babu wanda zai shige su. Aka liƙe akwatin da ƙarfe, aka zuba kankare a kai. Jaririyar da ta haifa daga baya sa'o'i kaɗan ta yi a duniya. Na karanta bayanai da dama kan yadda gubar nukiliya ke lalata jiki, amma ƙafafun nan marasa takalmi su ne suka zauna mini. Kafin mace ta faɗi wannan ga baƙuwa, sai baƙuwar ta iya zama shiru a inda kowa zai yi saurin cewa a yi haƙuri don a rufe maganar.

Sana'ar tana da tsada. Bayan littafinta kan yaƙin Afganistan na 1979 zuwa 1989, inda sojojin Sobiyet kusan 15,000 suka mutu aka riƙa dawo da su cikin akwatunan da aka liƙe, wasu daga cikin waɗanda ta yi hira da su sun kai ta kotu a Minsk. Abin da mutum ya faɗa cikin hawaye a madafinsa, in ya gan shi a takarda duniya na karantawa, yakan firgita. Tun a littafin farko ma akwai wadda aka aika wa rubutun hirarta, ta dawo da shi duk ta soke, ta maye gurbinsa da labarin taro. Wannan nauyi yana wuyan duk mai wannan aiki, kuma kyautar Nobel ta adabi da aka ba ta a 2015 ba ta sauke mata shi ba.

An taɓa yin irin wannan zama a ƙasarmu. Tsakanin 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa, Baba ta Karo, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa: harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, aure da kishi da goyon 'ya'yan dangi. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau duk mai son sanin yadda matan karkarar Hausa suka ga wancan zamani sai ya bi ta bakinta.

Mun kuma yi namu tsofaffin sojojin yaƙin duniya. Dubban 'yan Arewa sun tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, suka yi yaƙi da Japan a dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan. A unguwarmu akwai guda ɗaya ina yaro. Yakan zauna a dakalin ƙofar gidansa bayan la'asar, mu taru mu ce, "Baba, ba mu labarin Bama." Kullum labari ɗaya yake ba mu, na ruwan sama da ba ya ɗaukewa da dajin da rana ba ta ratsa shi, mu yi ta mamaki mu watse kafin magariba. Ya rasu tun ina makarantar sakandare. Yanzu da zan same shi, da na bar shi ya gama wancan labarin, in sake zuba masa shayi, in tambaye shi abin da suka ci a jirgin ruwa a hanyar Indiya, da sunan wanda yake kwana kusa da shi.