Kalmomi Dubu a Rana, Amma Ina Yauri a Ciki?

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta shigo wa matasan marubutanmu: kowa ya yanka wa kansa adadi. Wannan ta ce kalmomi dubu kullum, wancan ya ce ba zai runtsa ba sai ya saki shafi a WhatsApp, domin masu karatu na jira, wasu ma sun riga sun biya kuɗi. Ni ma na bi sahu. Wata uku na yi ina cika alƙawarin, ko da wuta ko babu, wani lokaci a bakin shagon mai cajin waya nake ƙarasa shafin ranar. Ba zan raina abin ba. Ya koya mini zama, ya raba ni da "sai gobe".

Amma ranar da na zauna a gida nan Yelwa na karanta abin da na tara tun daga farko, sai jikina ya yi sanyi. Labarin zai iya faruwa a Kano ko Abuja ko Dubai, ba abin da zai canza. Babu hayaƙin kifin banda a ciki, babu buhunan albasa, babu kwale-kwalen da ke tsallakar da 'yan kasuwa. Ko Bagunge ɗaya ko Bakambare bai leƙo ba. Mai gaggawa abin da ke kusa da hannu yake ɗauka, ni kuwa abin da ke kusa da hannuna shi ne labaran wasu da na karanta.

Ga abin da ke ci mini rai. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Tafkin ya haɗiye gungaye da gonaki da ƙauyuka, aka tashi mutane fiye da dubu arba'in zuwa sababbin matsuguni. Yaron da ke da shekara goma a lokacin, yau ya doshi saba'in. Shi da tsararsa ne suka san sunan kowane gungu, suka san inda makabartar kakanninsu take a ƙarƙashin ruwa, suka tuna ranar da aka loda tukwane da awaki a jirgi aka bar gida ba komawa. Suna nan a Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin tafki, kuma kowace shekara muna raka wasu makwanci. Mu kuwa muna ɗaki muna ƙirga kalmomi.

Masu kare wannan salo kan kawo misalin Abubakar Imam, cewa cikin kusan wata shida ya rubuta Magana Jari Ce a Zariya a 1936. Gaskiya ne. Sai dai Imam ya zauna ne da rumbu cike: tatsuniyoyin gida, karatun Larabci, da littattafan ƙasashe da dama da ya bi ya tace. Haka ma Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da tarihin Yauri ya fara bincike kafin ya fitar da littafinsa kan bazuwar Hausawa a Afirka ta Yamma a 1978. Daga ƙofar gida ya tashi.

Yanzu na sauya ma'auni. Kowane mako nakan ware yini ɗaya ba na rubuta komai. Nakan je wurin wani dattijo ko wata gyatuma, in gaishe su, in nemi izini, in naɗi maganarsu a waya. Sauran kwanakin ina rubutu, amma ba na sakin komai sai labarin ya kai ƙarshe na kuma sake bin sa. Wasu masu karatu sun gaji da jira sun tafi, kuma na ji zafin hakan. Masunci ma yakan yi yini guda a gaɓa yana ɗinkin koma, ba a kuma cewa ya yi zaman banza.

'Yan'uwa marubutan ƙasar Yauri, ku ci gaba da sa wa kanku buri, amma ku saka sauraro a cikin lissafin. Kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya nemi tsoho ɗaya da ya ga tashin 1968, ya zauna gabansa ya tambaye shi sunan garinsu na da.